Tanon Wankan Dijatu

Yaya Manzo,

Kumandan ya aiko kirana, yanzu za mu tafi Sanam, ba ni iya jiran komowarka daga Bonkuku.

Rabin tanon ƙarfen nan da ake dafa wa matarka Dijatu ruwan wankan biƙi ya huje. Jiya da marece Inna ta ga tsatsa a gindinshi, ta zauna ta dirje shi da rairayi kamar yadda take yi wa tukwanenta. Ashe tsatsar ce ke riƙe da gindin. Yau da safe ruwa ya fara zafi ke nan sai ya tsiyaye cikin murhu, ya kashe wuta. Ta liƙe da sabulu da tsumma, bai tsaya ba.

Kada hankalinka ya tashi, Dijatu ta yi wankanta, jinjiri ma lafiya lau. Na aro babbar tukunyar maƙwabciyarmu Mairama, amma gobe za ta karɓi abarta.

Ka kai tanon wurin Baƙo maƙeri yau ɗin nan ya sa mishi sabon gindi. Na riga na yi mishi magana.

Don Allah kada ka yi wa Inna faɗa, na san halinka. Ko kunu ba ta sha ba, tana nan zaune bakin murhu. Ka san tun da ƙanwarmu Hajara ta rasu cikin biƙi, Inna ke cewa ruwan wankanta ne bai yi zafi ba. In ta tambaye ka, ka ce mata tanon ne ya tsufa.

Ƙanenka,
Na'Allah