Dabinon Ƙofar Masallaci Ba Ya Cikin Littafin

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a sakaya sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a fara zagina, don ni ma na san abin da na yi.

Lokacin zafi ne, irin zafin Riyad da ruwan famfo ke fitowa kamar daga kan wuta aka sauke shi, sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka yi alwala. Shekarar ta zo wa mutanenmu da nauyi. Kowane mako sai ka ji an ƙi sabunta wa wane iƙama, wato takardar zama, ko ka ji kafilin wane, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, ya sallame shi. Maza su fita tun asuba, mu mata muna kulle a ɗaki, daga mu sai na'urar sanyi sai waya. Mijina direba ne, shekararmu goma sha ɗaya a unguwar Nasim, 'ya'yanmu huɗu. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a gida, na koyi haɗa baƙi ina jijjiga goyo. A nan kowa ya san ni da haƙuri. Ba na ɗaga murya, ba a taɓa jin kaina da kowa ba, in mata biyu sun saɓa ni ake kira in sasanta. Abin da ba su sani ba, rabin shirun nan nawa raini ne. Yau na fara faɗa da bakina.

Muna da guruf a waya, matan Hausawa ne na unguwannin Nasim da Shifa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. A cikin zafin nan aka fara turo wani littafi babi-babi, labarin ƙarshen zamani ne, ba zan faɗi sunansa ba. Wani saurayi ne wai ya gano yaran Dujal, suna bin sa a baƙaƙen motoci da baƙin tabarau, shi kuma yana gudu daga gari zuwa gari. Yawancin matan ba sa iya karanta dogon rubutun Hausa, 'ya'yansu kuma da aka haifa a nan Larabci suke karantawa. Sai aka ce Maman Usaina ta riƙa karanta mana a murya. Ni ke nan. Kullum in na gama girkin rana sai in zauna in ɗauki babi ɗaya in tura.

Jama'a, ban taɓa karanta shirme irin wannan ba. Marubucin bai taɓa taka ƙasar nan ba, na rantse. Ya sa jarumin ya tsaya a bakin teku a Riyad yana kallon jiragen ruwa. Wane teku? Ya sa shi ya tafi Madina a ƙafa tsakanin azahar da la'asar, bai ko nemi ruwan sha ba. In an rufe shi a ɗaki sai ya lumshe ido ƙofa ta buɗe, in an harbe shi harsashi ya kauce. Amma ku zo ku ji ra'ayin masu sauraro. Wata ta ce marubucin waliyyi ne, buɗe masa aka yi. Wata ta ce duk abin da ke ciki akwai shi a littattafan addini, ita da ban taɓa ganin ta buɗe ko ɗaya ba. Wata ta turo murya tana shessheƙa wai tsigar jikinta ta tashi, ana jiyo ƙarar cokali a bayan kukan, abinci take ci. Wata kuma ta tambaya ko jarumin yana da aure. Mata masu shekara goma, sha biyar a garin nan, ba wadda ta ce ina tekun yake. Ni kuwa in saurare su ɗaya bayan ɗaya, in rubuta musu Allah Ya sa mu cika da imani, cikina fal da dariya. Tashin alƙiyama gaskiya ne, ban taɓa shakka ba. Amma a ce wani ya zauna yana haɗa shi da tseren mota, manyan mata suna kuka?

Wadda ta fi kowa ɗaukar abin da zafi maƙwabciyata ce, zan kira ta Tsahara. 'Yar Maraɗi ce, ƙofarta na kallon tawa, mijinta magini ne, 'ya'yansu uku duk a nan suka tashi. Mace ce mai kirki, wannan ba zan ɓoye ba. Lokacin da na yi ɓari ita ta yi mini wanki da girki sati biyu. Amma komai aka faɗa mata ta yarda. Yaya Malama take kirana, don kawai ina karanta Hausar boko. Kullum in ta ji babi sai ta ƙwanƙwasa ta shigo, ta zauna a ƙasa tana tambayata ma'anarsa, kamar ni na saukar da shi.

Ranar da na yi abin, babin gajere ne kuma ba komai a ciki, jarumin yana ta mafarki. Akwai wani tsohon dabino a ƙofar masallacin layinmu, ya bushe, ya karkata, gindinsa duk ya ruɓe. Mijina ya taɓa cewa in ba a sare shi ba wata rana zai faɗo wa mutane. Ina cikin karatu sai kawai na ji bakina ya ci gaba bayan rubutun ya ƙare. Da muryar nan tawa mai sanyi na ce, wani tsoho ya gaya wa jarumin cewa a wani birni da ke tsakiyar sahara, akwai dabino a ƙofar masallaci mai koren ƙyaure, ranar da ya faɗi ba tare da iska ba, to duk wanda bai bar birnin ba kafin shekara ta juya, hanya za ta rufe masa, jirgi ba zai ƙara tashi ba. Na tura. Me nake nema? Wallahi so nake in ga iyakar wautarsu. So nake wata ta ce, Maman Usaina, wannan ai masallacinmu ne, wasa kike. Da na yi dariya na ce eh. Ba wadda ta ce.

Kwana goma sha biyu a tsakani, dabinon ya faɗi da tsakar rana, ba iska, ba kowa a wurin. Guruf ya kama da wuta. Aka yi ta turo hotonsa ta gaba ta baya, wata ta ce ta ji ƙarar tun daga Shifa, nisan da mota ma sai ta yi tafiya. Wata ta ce ita dama ta yi mafarkinsa. Waɗanda da suke cewa marubucin waliyyi ne yanzu suka rasa sunan da za su ba shi. Ni ina kicin ina yanka albasa ina dariya har da riƙe ciki. Kun ga, ko a lokacin ban ji tsoro ba. Daɗi na ji, irin na wanda ya tabbatar da abin da ya daɗe yana zargi.

Mace ɗaya ce ta yi magana, wata 'yar Zariya da ta yi sakandare. Ta ce ita tana da rubutaccen babin, ta duba daga sama har ƙasa ba ta ga dabino ba. Nan ne ya kamata in tsaya. Sai na danna murya na ce, cikin ladabi, wanda aka turo mini cikakke ne, nata wataƙila an taƙaita. Shi ke nan suka yi mata ca. Wai boko ya cinye mata imani, wai Maman Usaina da ko ƙuda ba ta kashewa ita za a ce ta yi ƙarya? Baiwar Allah ta fita daga guruf ɗin. Har yau in mun haɗu a kanti tana gaishe ni, ni ce ba na iya kallon idonta.

Ban san Tsahara ta tasa mijinta a gaba ba sai da ya zo wurin mijina yana ƙorafi. Ta daina barci, ta daina cin abinci, kullum maganarta ɗaya, a mayar da ita da yara gida kafin hanya ta rufe. Ya kai ta wurin wani malami ɗan garinsu, malamin ya gaya mata babu wanda ya san lokacin tashin alƙiyama sai Allah, kuma littafin labari ba hujja ba ne. Ta ce to dabinon fa, malam ya gan shi a tsaye ko a kwance? Ƙarshe mutumin ya gaji, ya sa aka yi musu huruj, fita ta dindindin, shi zai zauna ya ci gaba da aiki. Kun san yadda zama ya yi wuya yanzu, in suka fita ba lalle su sake samun shigowa ba. Mijina da yake ba ni labari yana girgiza kai ya ce, duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan magana ya ji tsoron Allah, kuma a ƙasar nan yaɗa irin wannan jita-jita kan iya jawo a kori mutum da iyalinsa gaba ɗaya. Na ce Allah Ya kyauta, na ƙara masa miya.

Babbar 'yarsu shekararta goma sha shida, saura mata shekara ɗaya ta gama makaranta, kuma tana cikin masu ƙoƙari a ajinsu. Hausarta a karye take, da Larabci take mafarki. A can makarantar Faransanci za a ce ta shiga, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ta same ni a matakala ta riƙe mini hannu, Hala take kirana, wato inna da Larabci, ta ce, "Hala, ki faɗa wa Ummi. Ke tana ji. Ni ban san Maraɗi ba." Na shafa kanta na ce ta yi haƙuri, ta bi iyaye. Abin da na iya ke nan, in ce a yi haƙuri.

Na gwada ta gefe. Na ce wa Tsahara ai labari ne, kada ta ɗauka da zafi haka. Ta dube ni da tausayi ta ce ta gane, ina kwantar mata da hankali ne don ina da zuciya mai kyau. Kun ji. Ƙaryata ta yarda da ita nan take, gaskiyata kuma ta ce kirki ne ya sa na faɗa. Hanya ɗaya ta rage, in ce mata ni na ƙirƙira, da bakina, ina zaune a kan kujerar nan da take zama a ƙasanta. In ta tambaye ni don me, in ce me? In ce don na ɗauke ku sakarkaru ina so in tabbatar?

Jiya bayan la'asar ta shigo sallama. Ta kawo mini babbar tukunyarta da turminta na ƙarfe, ta ce ba za su shiga kaya ba, kuma ba wadda ta cancanta sai ni. Ta zauna a ƙasa kamar kullum.

"Yaya Malama, ba don ke ba da muna nan zaune cikin duhu. Ke kika karanta mana."

Na ce Allah ne.

"Ke ma ki lallaɓa Baban Usaina ku fito. In ya ƙi, ki ba ni auta in tafi miki da ita, ko ɗaya ta tsira."

Da gaske take. Matar da nake yi wa dariya a kicin, 'yata take so ta ceta. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na tashi na ce bari in duba wuta, alhali ba abin da na ɗora.

Kuma in gaya muku gaskiya, har yanzu rainin bai fita daga raina duka ba. Wani sashe na zuciyata yana cewa, wa ya aike ta? Malami ya gaya mata, miji ya gaya mata, mace da hankalinta za ta watsa gidanta saboda ruɓaɓɓen dabino? Sai ɗaya sashen ya ce, ai ba dabinon ta yarda da shi ba, ke ta yarda da ke. In na faɗa, guruf duka zai ji, mijina zai ji cewa matarsa mai haƙuri ce ta ƙirƙiri alamar tashin duniya don nishaɗi, kuma ban san inda maganar za ta tsaya ba. In na yi shiru, yarinyar nan ta rasa karatunta, uba a nan, 'ya'ya a can. Mijinta ya ce muddin ba su hau jirgi ba ana iya soke takardar.

Yau da safe, bayan mijina ya fita, na sa mayafi na tsallaka ƙofarta da maganar a bakina, na ma tsara yadda zan fara. Na tarar da ita a tsakiyar kwalaye, igiyarta ta ƙare. Na koma ɗakina na ɗauko tawa. Kwali huɗu na taya ta ɗaurewa, ni ce ma na rubuta sunanta da na garinsu a jiki, don ta ce rubutuna ya fi kyau. Na dawo na zauna nake rubuto muku wannan.

Jirginsu ranar Alhamis ne, yau Litinin. Don Allah, me zan yi?