Cewa Na Yi Mun Ajiye, Ban Ce Mun Bari Ba

Zuwa ga Editan mujallar binciken karatu daga nesa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ni malamin firamare ne a Ɗanzomo, kuma manomi. Ta waya na yi karatun digirina, jarrabawa kaɗai ke kai ni cibiyarmu ta Gumel. Bana na kammala, alhamdu lillahi, don haka ba da ɓacin rai na ɗauki biro ba.

Na ɗaya, godiya. Bara wata dakta ta zo daga jami'a da tafintanta, ta zauna da mu ɗalibai kan tabarma tana tambayar yadda muke karatu. Shugaban cibiyarmu ya nuna mini rahoton da kuka buga. An ɓoye sunaye, amma mai hawa katangar makaranta neman sabis ɗin waya, ai duk gari an san ni ne. Daɗi ya kama ni, har sau biyu na fassara wa maiɗakina.

Na biyu, ga inda aka yi tuntuɓe. Daktar ta tambayi dalilin da ba a ganinmu a shafin darasi daga shuka zuwa girbi. Na ce da damina mukan ajiye karatu. Tafintan, mutumin birni, ya juya shi da Turanci cewa barin karatu muke yi, haka kuma kuka buga. Ranka ya daɗe, a wurinmu abin da aka ajiye dawowa ake yi a ɗauka. Irin gero ma ajiye shi muke yi. Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu sai mu koma kan darasi.

Da a takarda abin ya tsaya, da dariya zan yi in wuce. Amma shugaban ya ce manyan jami'armu sun karanta, suna shawarar rufe cibiyar, wai manoma ba sa ɗorewa. Wannan ya tayar mini da hankali. Akwai malamai mata a makarantarmu da ke jiran rajista. In aka rufe ta Gumel, babu wadda za ta iya barin 'ya'yanta ta tafi Kano.

Roƙona, ku buga gyara a fitowa ta gaba, ku tura wa masu wannan shawara tun ba su yanke hukunci ba. In daktar za ta dawo, ta zo bayan kaka ta gan mu da idonta. Masauki da fura a wuyana.

Allah ya ƙara muku basira, ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam.

Naka,
Ɗalibin da kuka rubuta ya gudu, yau mai digiri.