Kunun Inna da Hanjin Baba

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya maigidanki da su Ummi? Mu nan Wurno lahiya lau.

Albishirinki, an samu duba hanjin Baba da na'urar nan mai kyamara! Karon farko, maganin wankin ciki jarka guda ya shanye tashi ɗaya, anka hana shi abinci. Da sahe Inna ta ga ya galabaita ta dama mai kunu, wai kunu ai ba abinci ba ne. Kunun ya hana likita ganin komi cikin hanjin, munka dawo daga Sakkwato da kunya.

Wannan karon anka raba maganin, rabi da yamma, rabi da asuba. Ya hi sauƙin sha, ko amai bai yi ba. Kin san mi na yi? Ni da ba ni iya haɗa ido da Inna, na aje littafin soyayyar da nike karatu, ana tsakiyar baiko cikin labarin, na ɓoye garin kunun cikin akwatina.

Hanji ya wanku tas, an cire ɗan tsiro an kai awo. Na tabbata alheri za mu ji, ki dai taya mu addu'a. Ki gaida kowa. Inna har yau kaji take zargi, don Allah ki ruhe min asiri.

Ƙanwarki,
Asma'u