Inna, Irin Kindirmonki Bai Mutu Ba

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta da ke gabas da Gangara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, kabari ya yalwata. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, kuma ko kina raye ma sai an karanta miki. Duk da haka na zauna rubutawa, domin shekarun da na yi ina aikin jarida ba su koya mini wata hanyar natsuwa ba sai a kan takarda.

Cikin da kika bar ni da shi, mace aka samu. An sa mata sunanki, muna kiranta Ummi, tunda bakina ba zai iya kama sunan ba. Shekararta biyu da wata bakwai yanzu, kuma ba ta da lafiya sosai. Sau uku cikin shekara guda ana kwantar da mu a asibiti nan Sakkwato. Kullum da mura yake farawa, sai tari, sai ya sauka ƙirji, har haƙarƙarinta ya riƙa lotsawa duk sanda ta ja numfashi. Likitoci suna ce masa limoniya.

Akwai abin da ban gaya wa likita ba. Tarin, irin naki ne. Biyu gajeru, a ɗan yi shiru, sannan na uku mai tsawo da ɗan fito a ƙarshensa. Ran da na fara jinsa ina wanke-wanke a tsakar gida da hantsi, sai da na amsa "Na'am, Inna" kafin na tuna.

Da aka sallame mu karo na uku, likitar, wata yarinya mai sakin fuska, ta rubuta mana wani farin gari a cikin 'yan ƙananan ledoji. Ta ce sunansa furobayotik. "Ba maganin limoniya ba ne, kar ki je ki rubuta a jarida na ce haka," in ji ta. "Ƙwayoyin halitta ne masu rai, masu amfani. Alluran da muka yi mata sun kashe na cuta, sun haɗa da na kirki da ke hanjinta, shi ne za mu mayar. Kuma kar ki zuba a koko mai zafi ki dafa mini su."

Kin san halina, sai da na je na karanta duk abin da hannuna ya kai. Ga abin da na fahimta, ba ƙari. Wasu masu bincike sun ga yaran da ake ba irin waɗannan ƙwayoyi ba sa yawan yin mura, ko kuma in sun yi ba ta daɗewa. Wasu sun duba ba su ga bambanci mai yawa ba. Ƙwayoyin kuma iri-iri ne, abin da wannan ya yi ba lallai wancan ya yi ba. Babu wanda ya ce suna maye gurbin rigakafi, ko shayarwa, ko zuwa asibiti in numfashi ya ƙi. Sai na kai wani layi da ke cewa da yawansu dangi ne na waɗanda ke mayar da madara kindirmo. A nan na ajiye wayar.

Ƙwaryarki na tuna, baƙar nan mai ɗinki a baki, da faifan da kike rufe ta da shi. Kullum kina dafa madara, ki bar ta ta huce har ki iya sa yatsa, ki zuba ludayi guda na kindirmon jiya, ki rufe. Wannan ludayin shi kike kira iri. Kin ce daga wajen uwarki kika zo da shi ran da aka kawo ki, ita ma daga tsallaken iyaka ta taho da nata. Ba ki taɓa bari ruwan zafi ya shiga ƙwaryar ba. Na taɓa ce miki wannan ƙazanta ce, lokacin ina aji uku na sakandare, ina ji da kaina. Kika ce, "Mi kika sani, 'yar boko? Abin da ke cikin wagga ƙwarya rai gare shi, kuma ya girme ki."

Duk matan ƙauyenmu suna hana mai tari kindirmo, wai sanyi gare shi, yana ƙara majina. Ke kaɗai kike ba mu, da rana tsaka, rabin ƙoƙo. In an yi magana ki ce, "Ku bar naku da yunwa, ni ban haifi na sayarwa ba."

Yanzu ga abin da na yi, wanda ban taɓa faɗa miki ba.

Da safiyar ranar da kika cika, kin dafa madara kin zuba iri, kina tari kina dafa bango. Kafin azahar kin tafi. Kafin la'asar an kai ki. Washegari na ɗaga faifan, na tarar ya kwanta lafiya lau, fari, sumul, da ɗan ruwa-ruwa a gefe, kamar yadda yake yi in kin ji daɗinsa. Kina ƙarƙashin ƙasa, aikin hannunki yana ci gaba a ɗaki. Babu wanda ya yarda ya taɓa.

Ina da ciki wata biyar, kuma na karanta labarin tarin fuka da yadda yake yaɗuwa. Ban san lokacin cewa naki hayaƙin murhu ne na shekaru ya ci huhun ba. Na ɗauki ƙwaryar na kai bayan gida na tuttular. Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na dirje ta da soso har ɗinkin ya yi fari. Goggo Dije, Bafulatanar da ke kawo miki madara tun kafin a haife ni, ta shigo gaisuwa ta same ni ina shanya ta. Ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta kau da kai ta wuce. Na ɗauka jimami ne.

Shekara uku ina ganin daidai na yi. Sai ga wata likita ta miƙo mini abu mai rai cikin leda, ta ce kar in sa masa zafi.

Da damina ta ɗauke na tafi gida. Ba za ni ɓoye miki ba, ƙauyen ya tashi. Mutanen daji masu bindiga sun matsa, kowa ya kama gabansa, wasu Sabon Birni, wasu Isa, wasu sun ƙetara. Yaya Bello ya kai ni a babur da rana tsaka, ya ce minti goma kawai. Ban taɓa sanin ƙauye yana da ƙara ba sai da na ji babu ita. Ba daka, ba kaza, ba kukan jaki. Gero ya fito da kansa a tsakar gidanmu, ya yi kai, babu mai yanka. Ƙofar ɗakinki a buɗe. Gara ta cinye tabarma, ta cinye faifai, ta hau gadon kara. Ƙwaryar tana nan a kife inda na bar ta, ko tabo babu. Na juya ta na shinshina. Ba ta warin komai, Inna. Ko na ƙwarya ba ta yi. Na mayar na kife, muka tafi ban waiwaya ba.

A Isa na sami Goggo Dije, a wani kango bayan kasuwa inda suka yi rumfa da buhuna. An kore shanunsu duka. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari, amma bakin yana nan. "A'a, mai tafasa ƙwarya! Yau wa kika zo dafawa?" Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta labarin Ummi, na ce na zo ne in ji ko akwai wanda ya san yadda ake tayar da iri in ya mutu.

Ta ce ba a tayarwa. Sannan ta jawo wata robar fenti da aka rufe da tsumma.

Ashe shekarar da nata ya lalace ke kika ɗiba mata. In naki ya yi rauni ki karɓa wajenta, in nata ya yi ta karɓa wajenki, har kuka daina sanin na wa ne. Ran da suka gudu ba ta ɗauki tukunya ba, ba ta ɗauki zane na biyu ba. Ta cika wata 'yar kwalbar magani da iri ta ƙulle a haɓar zane. Da babu saniya, da madarar gari take ciyar da shi, cokali biyu kullum, ko da ita ba ta ci ba. "Amanar Innarki ta," in ji ta. "Ai ba a barin baƙo da yunwa."

Na ɗanɗana. Inna, ina iya bayyana miki abin da ya faru da harshen littafi: ƙwayoyin da suka rayu a ƙwaryarki sun hayayyafa, 'ya'yansu sun haifi wasu, suna ba da tsami iri ɗaya da ƙamshi iri ɗaya. Wannan gaskiya ne. Amma tsikar jikina ta tashi har ƙeya, kuma na waiga bayana, domin na ji kamar an tsaya kusa da kafaɗata ana jiran in ce ya yi.

Na buɗe baki za ni yi godiya, ta toshe mini da tafin hannu. "Ba a godiyar iri, ke! In kin gode ya mutu. Ɗauki ki tashi."

Na koma wajen likita na tambaye ta. Ta ce ba ta san waɗanne ƙwayoyi ne a ciki ba, don haka ba za ta kira shi magani ba. Amma in an dafa madarar sosai, an tsabtace hannu da mazubi, abinci ne mai kyau ga yaro. In ci gaba da garin ledar har ya ƙare, in kuma nisanta Ummi da hayaƙi. Uwar mijina kuwa salati ta yi. "Kindirmo ga mai tari? Kuma na mamaci? Ke ba ki san takwara tana kewar takwararta ba?" Na ba ta haƙuri, na ce abinci ne kawai. Ita ta yi maganar ta wuce, ni ta bar ni da ita.

Ran da na fara ba Ummi, na zuba mata a ƙaramin kofi da rana tsaka. Ba ta kai baki ba. Ta tsoma ɗan ƙaramin yatsanta na hagu, ta lasa, ta runtse ido ɗaya, ta ƙyasta harshe sau biyu, sannan ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya na sani a duniya mai yin haka kafin ya sha. Na ce wa kaina wataƙila ni nake yi ban sani ba, ita ta kwaikwaya. Na tambayi babanta, ya ce shekara shida muna tare bai taɓa gani ba.

Sati tara muka yi ba tari. Ba za ni ce kindirmo ne ba, ba za ni ce garin leda ne ba. Yaro yana girma, yanayi yana sauyawa, mun kuma daina girki da itace. Mai irin aikina ba ya yanke hukunci da yaro ɗaya.

Shekaranjiya mura ta dawo. Yau da safe ta yi tarin, biyu gajeru da na uku. Na ɗaga rigarta na ɗora ta a cinya, na sa agogon waya, na ƙirga numfashinta minti guda kamar yadda aka koya mini. An ce in ya kai arba'in mu taho. Talatin da shida na samu. Na sake, talatin da bakwai. Haƙarƙarin bai lotsa ba tukuna. Jakarmu tana bakin ƙofa a ɗaure, da katin asibiti a sama. Bayan la'asar za ni sake ƙirgawa.

Na san abin da addini ya koya mana, kuma na yi imani da shi. Mamaci ba ya kira, ba ya riƙewa, ba ya sakewa. Rai na Allah ne, Shi ke bayarwa, Shi ke karɓa ran da Ya so. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma ni ɗiyarki ce kafin in zama komai, kuma ban taɓa shiga tsoro ban zo wajenki ba. Ki yafe mini abin da na zubar a bayan gida. In kina kewarta, Inna, ki yi haƙuri. Ke kin yi furfura, kin ga auren 'ya'yanki. Ki bar mini ita ta yi tata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanya numfashin da kika sha wahalar ja ya zama kankarar zunubi. Allah Ya buɗe ƙirjin Ummi, Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ita da 'ya'yan da ke kwance a rumfunan Isa da Sabon Birni ba mai ƙirga musu numfashi. Allah Ya saka wa Goggo Dije, tunda ta hana ni yi da bakina. Ya mayar da mutanenmu gidajensu. Ya haɗa mu da ke a Aljanna, ɗaya bayan ɗaya, manya kafin ƙanana. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Asabe
Sakkwato