Hoton Baba da Adda

Daren Talata, Talata Mafara

Na gaji tiɓis, amma raina fes.

Sati uku ke nan da jaridar garin nan ta buga hoton Baba riƙe da adda, wai ƙungiyarsu ta masu kare itatuwa ce ke sarewa tana sayar wa masu gawayi. Baba fa! Mutumin da ko zogalen gida Inna ba ta taɓawa sai ta faki idonsa. A hoton nan, tohon gawo yake rage wa rassa don ɗaya ya miƙe. A masallaci har an fara gajarta masa gaisuwa. Tuwonsa kuwa kullum sai ya dawo da saura.

Ni kotu na so. Shi ya ce in kawo masa editan jaridar har gona kawai.

Yau na kai editan gonarmu ta Damri. Baba ya gaishe shi har da tambayar iyayensa, sannan ya miƙa masa addar: "Ɗana, rage wanga, bar wancan." Sau biyu ƙaya ta soke shi, Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Ya daɗe yana kallon itatuwan da suka fi mu tsawo, ya ce laifinsu ne, ba su tambaya ba, za su ba da haƙuri a shafin ciki.

Baba ya ce, "A'a, shafin gaba, inda kuka sa ƙaryar. Ku sake ɗaukata da addata. Amma wanga karon ku ja baya kaɗan, itacen ya shigo."

Editan ya ce to.

Da muka dawo Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.