Mai Kiran Shugaban Majalisa

Tokyo, farkon Maris

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da Yaya Genta. Yaya sanyi, yaya kuma gwiwar taka? Ina fata ƙanƙara ta fara sakin bakin ruwa.

Albishirinka. Muryar nan da 'yan unguwa suka ce ita za ta kore mini miji, yau ta samo mini muƙami. An naɗa ni mai kira a majalisa. Idan ana so a shigo da ƙudiri zaure ba tare da ya jira layi ba, ko ana so a tashi daga zama, matashi ɗaya daga jam'iyya mai mulki ke miƙewa ya ja "Shugabaaa" har numfashinsa ya ƙare, sannan ya karanta abin da manya suka shirya. Da Kabasawa, mai tsawatarwa na jam'iyyarmu, ya gwada ni, sai da ya toshe kunne. Ya ce, "Ke kuwa a gidan wa kika koyo wannan bala'i?" Na ce a bakin teku, ina kiran mutumin da ƙarar inji ta cinye wa kunne ya zo cin abinci. Ka tuna ba ka amsawa, hannu kawai kake ɗagawa daga cikin jirgi.

Ka gaya wa Yaya kada ya kuskura ya sayar da jirginka. Na san sassaucin harajin man masunta zai ƙare a ƙarshen watan nan, na kuma san in ya ƙare fita ruwa ta zama asara. Amma ƙudirin sabunta shi ya fito daga kwamiti. Saura zaure, kuma da bakina zai shiga.

'Yarka,
Chizuru

Tokyo, tsakiyar Maris

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san ka ga abin da ya faru a talabijin. Inna ta ce tun ranar, da zarar an nuno ni sai ka cire na'urar kunnenka ka ajiye. Wannan ya fi mini ciwo a kan zagin da ake yi mini a kasuwar kifi.

Ga yadda aka yi. Manyanmu sun ɗaure ƙudirin harajin da na kafa injinan lantarki masu aiki da iska a teku, don 'yan adawa su haɗiye duka biyun a ƙuri'a ɗaya. Su kuwa suka ƙi. Da aka kasa shiryawa, takardar da aka miƙo mini ta ce a ɗage ƙudirorin a tashi daga zama. Mai kira ba ya zaɓar magana, Baba. Na ja muryar na karanta, ina jin kamar ni ke kwance igiyar jirgin ina miƙa wa mai saye.

Ban zauna kuka ba, ka san halina. Na tarar da tsoho Nukui na 'yan adawa a ɗakin cin abinci yana zuƙar taliya. Ya ce, "A'a, jiniyar jirgi ce da kanta? Zauna, amma ki yi a hankali, kunnena ɗaya ya rage." Na tambaye shi me masunta suka yi masa. Ya ce, "'Yata, wa ya ƙi masunta? Naku ne suka zuba kifin jiya da na yau a kwando ɗaya suka ce mu saya ido rufe. Su raba, ko tari ba za ki ji daga ɓangarenmu ba."

Gobe zan shiga wurin Kabasawa tare da wakilan garuruwan bakin teku. Ka ce wa Yaya ya ƙara haƙuri, kada ya sallama wa mai son sayen jirgin tukuna.

'Yarka har kullum,
Chizuru

Tokyo, ƙarshen Maris

Babana abin ƙaunata,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun tashi lafiya.

Kabasawa bai ji daɗin ganinmu ba. Ya ce, "Ke aikinki maƙogwaro ne, ba shawara ba." Na ce to, in takarda ta sake cewa a ɗage, ya nemi wani maƙogwaron, ni kuma in 'yan jarida suka tambaye ni dalili zan faɗa. Ya ce, "Kin san waɗanda suka riƙe kujerar nan kafin ke har minista sun zama? An ba ki tsani kina neman zarto." Na ce na sani. Wakilan da ke bayana babu wanda ya motsa, shi ma kuma ya san zaɓe na tafe.

An raba ƙudirin. Na lantarki zai jira zama na gaba, na haraji kuwa ya shiga zaure jiya da bakina. Da Shugaba ya tambaya ko akwai mai ja, tsoho Nukui ya cika alkawari, ko tari bai yi ba, ƙudirin ya wuce. Majalisar dattawa ma ta ce ba za ta riƙe shi ba. Ni kuwa an shaida mini da an rufe zangon nan za a ba wani kujerar mai kira. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye maka ba, amma ko yau aka sake mayar da ni ofishin Kabasawa abin da zan faɗa ke nan.

Inna ta kira ni da safe. Ta ce jiya ma ka cire na'urar ka ajiye kusa da kofin shayi, ka juya wa talabijin gefe. Ta ce da na ja kiran, tun ban kai rabi ba, sai ta ga hannunka ya tashi sama.

Na gani, Baba. Ka ce wa Yaya ya zuba wa jirgin mai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Chizuru