Motarmu a kan bulo

Daren Alhamis, Keffi

Bayan la'asar na shiga garejinmu na Tudun Ƙofa, na tarar da motar tserenmu a kan bulo, babu taya ko ɗaya. Bakanikenmu Sale ya ce, "Yaya, Alhaji mai tayoyi ne ya aiko aka kwance kayansa."

Na kira Alhajin, ko gaisuwata bai amsa ba. Ya ce, "Ni nake ɗaukar nauyinku, amma sunan mai fiya wata kuka rubuta a saman nawa a jikin motar? To, shi ya ba ku taya."

Wallahi mai fenti ne ya ga wurin ya fi faɗi, ya rubuta shi a can. Jibi ne tseren Abuja. Mai fiya watan kuwa, ruwan sha kawai yake ba mu.